Gara Ƙin Tashi

Ofishin hasashen yanayi ɗan ɗaki ne a ƙarshen baranda, bayan wurin auna kaya, kuma ba mai zuwa can sai wanda aiki ya kai shi. Tebur ɗaya, kujera biyu, kwamfuta, sai injin buga takarda mai yin tari kafin ya fara aiki. Mai ɗakin dattijo ne da ya shekara talatin yana gaya wa matuƙa jirgi abin da sama ke shirin yi, kuma tun da ba a cika jin ya ce tabbas ba, duk filin jirgin Malam Wataƙila ake ce masa. Sunan ba ya masa zafi. Shi da bakinsa yake cewa wataƙila ta hana malam ƙarya.

Ƙarfe takwas saura kwata Kyaftin ta yi sallama ta shiga, hula a hammata. A nan Kyaftin ce, mai igiya huɗu a kafaɗa, ita ke jan ƙaramin jirgin kamfanin mai ɗaukar mutum tara zuwa garin da ke cikin duwatsu. A gida kuwa Auta ce, kuma ko ta yi furfura Auta za a ci gaba da ce mata.

Malam ya miƙo mata takarda bai ce uffan ba. Ta san shi. In ya yi shiru irin wannan, to maganar tana cikin takardar.

Takardar hasashe ba ta da daɗin kallo. Layi huɗu ne ko biyar na haruffa da lambobi a cunkushe, wanda bai iya ba sai ya rantse kyanwa ce ta taka madannai. Ga wanda ya iya kuwa, magana ce dalla-dalla: daga ina iska za ta taso da irin ƙarfinta, nisan da ido zai iya hangowa, da tsayin da gindin gajimare zai tsaya daga ƙasa. Ta ɗora biro a layin farko ta bi shi. Lafiya lau. Na biyu ma haka. Na uku ne ya fara da lamba talatin, biron ya tsaya cak.

"Malam, wannan talatin ɗin fa?"

"Kin dai gan ta. Talatin cikin ɗari, daga goma na safe zuwa biyu na rana. Hadari mai tsawa, ruwa kamar da bakin ƙwarya, gajimare ya sauko ƙafa ɗari huɗu."

"Duwatsun da ke gefen filin kuma sun haura ƙafa dubu."

"Ni dai ban rage musu tsawo ba."

"In na jira biyu ta wuce fa?"

"Bayan biyu babu ruwana da wataƙila. Ruwa ne har rana ta faɗi."

"Filin tsakiya da nake karkatawa fa?"

"A rufe. Suna gyaran titin sauka har ƙarshen mako."

Shi ke nan. Lissafin ba mai tsawo ba ne. Tafiyar awa biyu ce, za ta isa goma da rabi, a tsakiyar talatin ɗin. Filin can kuwa ɗan siririn titi ne tsakanin duwatsu biyu, ba shi da na'urar da za ta jawo jirgi ta cikin gajimare, sai da ido ake sauka. In ta isa ta tarar gajimare ya rufe shi, filin da ta saba karkatawa ba ya aiki, kuma ko ta cika tanki taf, zuwa da dawowa ne cif-cif, babu rarar kewaye ko na minti goma.

A wata ranar da tuni ta sa hannu ta ce a soke, ta wuce ta sha shayinta. Amma yau mahaifinta na zaune a ɗakin jira, tikitin kujera mai lamba biyu a hannunsa.

Baba Mai Agogo bai taɓa shiga jirgi ba, bai kuma taɓa son 'yarsa ta shiga ba. Shekara goma sha ɗaya da suka wuce, da aka ce takardar makarantar tuƙi sai da sa hannun babba a gida, ya ce hannunsa ba zai sa 'yarsa a abin da ba shi da ƙasa a ƙarƙashinsa ba. Auta ta ɗauki takardar ta kai wa Gwaggo, yayarsa, wadda ta goya shi a bayanta bayan rasuwar uwarsu. Gwaggo ta karanta sau ɗaya, ta sa hannu, ta ce in ɗan agogo ya yi magana a ce masa ita ce. Ya kuwa yi magana. Ya ce ƙafarsa ba za ta ƙara taka gidanta ba, kuma shi mutum ne irin agogonsa, in ya buga ya buga. Shi da Auta sun shirya a hankali, yana amsa gaisuwarta, yana cin girkinta, amma bai taɓa tambayarta yaya aiki ba, bai kuma taɓa kiranta Kyaftin ba ko da wasa. Wannan ya daɗe yana ci mata rai, ta ciki na ciki.

Jiya da yamma Sista, 'yar Gwaggo mai aikin asibiti, ta bugo ta ce jiki ya yi tsanani, kuma tsohuwar ba ta da magana sai ta ƙanenta. Auta ta miƙa masa wayar, ya kau da kai. Ya ce neman gafara ba a yin sa a waya, sai ido da ido. Can ya ce, yana kallon bango, "Ki sama min kujera a jirgin naki."

Sau biyu ta goge kakinta saboda wannan maganar.

Tana tsaye da takardar a hannu Manajan kamfanin ya faɗo ɗakin, ko sallama babu. Manaja irin mutanen nan ne da ke leƙa taga su yanke wa duniya hukunci. Bai taɓa tuƙa ko da jirgin takarda ba, amma in yana magana a kan sama sai ka ce gadonsa ce.

"Kyaftin, an sha mai, fasinja sun hallara, me ake jira?"

"Ba za mu tashi ba, ranka ya daɗe."

Ya dube ta, ya dubi Malam, ya taka zuwa taga ya yaye labule. Sama garau, kamar an wanke ta an shanya.

"Wannan saman ce za ta hana tashi?"

"Wannan tamu ce. Wadda zan sauka a cikinta tana can, awa biyu daga nan."

Ya fizgi takardar, ya bi ta da ido har ya kai ga lambar da ya iya karantawa.

"Talatin! Haba Kyaftin, saba'in fa? Ba ki ga saba'in ba? Littafin ƙa'idar aiki ma ya ce talatin ba ta hana tashi."

"Littafi ya faɗi haka ne yana zaton ina da inda zan karkata. Ba ni da shi. Kuma in ka buɗe shafi na gaba, ya ce maganar ƙarshe ta kyaftin ce." Ta nuna kofin shayin Malam da biro. "In aka jera maka irin wannan guda goma, aka ce uku da guba, wanne za ka miƙa wa ɗanka?"

Manaja ya jefa takardar kan tebur. Ya fita. Abin da ya yi bayan nan har yau ba ta yafe masa ba, kuma ba ni zan ce ta yafe ba. Ɗakin jira ya nufa, ya dawo da Baba a bayansa.

Baba ɗan ƙaramin mutum ne, tsaf-tsaf, yana rungume da jakar kayan aikinsa da ko ɗaurin aure ba ya zuwa babu ita. Da ya shigo bai fara duban 'yarsa ba, agogon bango ya duba, ya duba na hannunsa.

"Agogon nan ba daidai yake ba."

"Lokacin jirage ne, Baba," in ji Malam. "Duk duniya da shi muke aiki."

"To duk duniya ba ku daidai." Ya juyo. "Kai ne mai duban saman? Za a yi ruwan ko ba za a yi ba?"

Malam ya sosa ƙeya. "Wataƙila."

"Shekara arba'in ina gyaran agogo, ban taɓa ce wa mutum wataƙila ƙarfe uku ne ba."

Auta ta ajiye hularta a tebur ta durƙusa, da kaki da igiyoyi da komai, a gaban Manaja da Malam.

"Baba, ka yi haƙuri. Hanyar ba ta da kyau yau."

"Yayata na can tana kirana. Ita ce ta sa hannu kika zama abin da kika zama. Yau ke ce za ki tsaya tsakanina da ita a kan wataƙila?"

"Ba mu kaɗai ba ne a jirgin, Baba. Akwai mai jego da jaririnta, akwai wasu mutum shida."

"Ajali ba ya wuce ranarsa."

"Haka ne. Amma ba ni zan ɗauki mutum tara in kai masa har gida ba."

Muryarta a ƙasa take, idonta ma a ƙasa, amma duk wanda ke ɗakin ya ji cewa ko gezau ba za ta yi ba. Baba ya daɗe yana kallon tsakiyar kanta. Sai ya gyara riƙon jakarsa.

"To, Kyaftin," in ji shi.

Shekara goma sha ɗaya tana jiran wannan kalmar daga bakinsa, ta kuma zo mata kamar mari. Haka yake ce wa mutumin da ya kawo gyara bai san shi ba: to, direba, to, ɗan sanda.

Manaja ya ga makaminsa na ƙarshe bai ci ba, sai ya koma faɗa. Ɗayan kyaftin ɗin ya tafi da ɗayan jirgin tun da sassafe, ba shi da wanda zai ba tuƙin, don haka ya huce a kanta. Ya ce ta ajiye katin shigarta ta tafi gida sai an neme ta. Ta cire katin daga wuya ta ajiye masa a kan tebur, a hankali, har da gyara masa igiyar. Ta sa hannu a kwafin Malam, shaidar ta karɓi hasashe ta karanta, ta ninke nata ta sa a aljihu.

Malam bai ɗago ba, ya ce da kofinsa, "Da muguwar rawa gara ƙin tashi."

Da kanta ta je ta gaya wa fasinja, ba ta aika kowa ba. Ta sha baƙar magana. Wani mai babban ciki ya ce ai dama an ce mace ce ke tuƙin, shi ya san za a rina. Ta ce masa ƙwarai mace ce, kuma macen ce ta ce ya koma gida ya ci abincin rana da iyalinsa. Daga nan ta ɗauki jakar tufafin Baba ta nufi motarta. Tafiyar mota awa goma ce in hanya ta yi kyau.

Baba ya buɗe ƙofar baya ya shiga, kamar wanda ya ɗauki hayar direba.

Suka bar gari, suka bar gonaki, rana sai ƙara haske take yi. Ko gajimare ɗaya babu, ko na rantsuwa. Baba bai yi mata faɗa ba, ya san abin da ya fi faɗa. Lokaci kawai yake faɗa mata.

"Goma da rabi," in ji shi daga baya. Lokacin da jirgin zai sauka ke nan.

Ta ƙara wa motar wuta.

"Sha ɗaya da kwata. Ban ga hadari ba, Kyaftin."

Tana tuƙi tana satar kallon gabas. Gaskiyar magana, so take hadarin ya taso. So take ya haɗo baƙi ƙirin ya rufe duniya, ya cire rufin gidaje ma in ya ga dama, don dai ta juya ta ce Baba ka gani. Da ta kama kanta tana wannan fatan sai kunya ta rufe ta, ta nemi gafarar Allah. Ta san sarai abin da talatin ke nufi: a irin wannan ranar guda goma, bakwai haka za su wuce, rana tarwai, wanda ya ƙi tashi ya zama abin dariya. Ta san da haka tun tana makaranta. Sanin bai rage mata zafin komai ba.

Ƙarfe ɗaya da rabi suka tsaya shan mai a garin ƙarshe kafin hawan duwatsu. Wayarta ta yi ƙara, saƙon Sista ne. Layi uku: numfashi ya canja, har yanzu tana cikin hankalinta, amma ba na jin za ta kai magariba.

Auta ta karanta shi yadda take karanta takardar Malam, layi-layi, ba ta ƙara ba ta rage ba. Sista ba ta yin magana a banza, ta ga irin wannan numfashin ya fi a ƙirga. Saura tafiyar awa biyar, ga ruwan da aka ce zai sauko bayan biyu, kuma da zarar sun haye gadar da ke gaba waya ba ta ƙara kamawa sai an shiga garin. Wannan kam ba talatin ba ce.

Ta gusa da motar gindin wata bishiya, ta kashe, ta zare makulli ta sa a aljihun da takardar take. Ta buga wa Sista, ta buɗe murya yadda kowa zai ji, ta juya ta miƙa wayar baya.

"Baba, ga Gwaggo."

"Na gaya miki ba a waya ba. Tayar da mota."

"Ba za ta tashi ba."

"Me ya same ta?"

"Ba abin da ya same ta. Ni ce ba zan tayar ba sai ka yi magana."

Ya dube ta kamar yau ya fara ganinta. "Kin hana ni jirgi, yanzu kuma mota?"

Ba ta janye wayar ba. Abin da ta faɗa bayan nan bai kamata 'ya ta faɗa wa uba ba, ta san da haka, ta kuma faɗa.

"Baba, ka yafe mini, amma ba hadari ne ya hana ka ganin Gwaggo ba. Shekara goma sha ɗaya sama a buɗe take, hanya ma a buɗe. Yau ɗaya ce tawa. Ita na ɗauka, zan kuma ɗauke ta har in mutu. Sauran ba nawa ba ne."

 A waje wani na wanke babur, ruwan na zuba a kan siminti. Daga cikin wayar muryar Sista ta ce, "Kawu, na sa mata a kunne, tana jin ka."

Baba ya buɗe baki ya rufe. Ya sake buɗewa.

"Yaya," in ji shi. "Ni ne."

Aka ɗan jima ba a ji komai ba sai numfashi, mai nauyi, mai tsayawa a hanya. Sannan wata siririyar murya ta fito.

"Ɗan agogo. Kai da kake gyara wa mutane lokaci, kullum kai ne a makare."

"Muna hanya, Yaya. Da jirgi za mu zo. Yarinyar ce ta ƙi tashi."

"Ta ƙi?"

"Wai an ce wataƙila za a yi hadari. Na yi, manajansu ya yi, ta kafe."

Wani sauti ya fito da Auta ta ɗauka tari ne, sai da ya ɗan ja ta gane dariya ce.

"To ai shi ya sa na sa hannu," in ji Gwaggo. "Da mai jin tsoronka ce, da ban ba ta ran mutane ba. Barewa ba ta gudu ɗanta ya yi rarrafe. Kai ka haife ta."

Baba ya karɓi wayar da hannu biyu, ya kusanto da ita bakinsa kamar zai sha ruwa.

"Yaya, ki yafe mini."

"Tun yaushe. Kai ne dai ba ka zo ka karɓa ba."

Auta ta buɗe ƙofa ta fita, ta ba su wuri. Ta tsaya a jikin bishiyar ta yi kukan da take riƙewa tun ofishin Malam, ba ta damu da mai wankin babur ba. Minti goma sha biyu suka yi suna magana, ta gani a wayar daga baya. Da ta dawo ta tarar Baba ya koma kujerar gaba. Ta tayar da mota.

Biyu da 'yan mintoci, suna tsakiyar hawa, sama ta haɗe ta ɓarke da ruwa, daidai yadda layi na huɗu ya faɗa. Ba wanda ya yi maganarsa. Tafiya ta koma rarrafe, ana ganin gaba da ƙyar, awa biyar ta zama shida.

Ana kiran isha'i suka shiga layin gidan. Tun daga takalman da ke jere a ƙofa suka gane. Gwaggo ta cika jim kaɗan bayan la'asar.

Sista ta kama hannun Baba ta shiga da shi ciki. Auta na cire takalmi a baranda Babba ya tare ta, ɗan Gwaggo na fari, idonsa jawur, ga mutane cike da barandar suna fakewa ruwa.

"Sannu da zuwa, Kyaftin," in ji shi da ƙarfi. "Kin san tun safe har ƙarfe biyu ko ɗigo ba a yi a garin nan ba? Rana tarwai! Muna ta kallon sama muna jiran ƙarar jirgi. Da kin zo, da ya same ta a zaune, da ta mutu hannunta cikin na ƙanenta. Wai hadari! Ina hadarin?"

Ba wanda ya tsawata masa, don abin da ke bakinsa shi ke cikin kowa. Auta ta ji maganar ta shige ta har ƙashi, saboda gaskiya ce, ba ƙari. Tana iya yin shiru ta wuce, gidan makoki ne. Amma ta miƙe tsaye, takalmi ɗaya a ƙafa, ta zaro takardar daga aljihu, ta jiƙe da gumi, ta ɗaga masa.

"Yaya Babba, na ji. Saba'in ce ta ci, hadarin bai zo ba. Gwaggo uwata ce kamar yadda take uwarka, kuma ba wanda ya kai ni son a ce na sauke Baba a gabanta. Amma ƙarfe takwas na safe wannan takardar ce a hannuna, ba ranar da kuka gani ba. Gobe in aka sake miƙo mini irinta, ba zan tashi ba. Ko ni ce a kwance ina jira, ba na son kowa ya tashi."

Babba ya buɗe baki, sai kuka ya ci ƙarfinsa, ya juya ya dafa bango. Ta cire ɗayan takalmin ta wuce ciki.

Washegari da safe aka kai Gwaggo makwancinta. Da aka dawo, mutane suka zazzauna a waje, Auta ta nemi Baba ba ta gan shi ba. A ɗakin Gwaggo ta same shi, tsaye a gaban agogon bango, wani tsoho mai akwatin katako da shi ya ba ta tun yana saurayi. Hannayen agogon a tsaye suke.

"Shekara tara ke nan da tsayawarsa," in ji Sista daga bakin ƙofa. "Mun kawo masu gyara har biyu ta kore su. Ta ce mai shi zai zo."

Baba ya sauke agogon, ya zauna a bakin gadon da aka naɗe shimfiɗarsa, ya buɗe jakar kayan aiki a kan gwiwa. Ya maƙala gilashinsa a ido ɗaya, ya kwance bayan akwatin, ya hure ƙura. Auta ta zauna a ƙasa kusa da ƙafarsa. Ya daɗe yana aiki kafin ya yi magana, kuma bai ɗago ba.

"Da kin tashi, da na riƙe hannunta."

"Na sani, Baba."

Ya jira. Wataƙila jira yake ta ce ta yi kuskure, wataƙila kuma tsoro yake kada ta faɗa. Ba ta faɗa ba. Hawaye na bin fuskarta, amma bakinta a rufe yake.

Ya ɗiga mai a wuri biyu, ya murɗa makulli sau bakwai, ya taɓa ƙarfen da ke lilo da yatsa. Agogon ya yi shiru kamar yana shawara, sannan ya fara bugawa. Baba ya kai hannu zai saita lokaci, ya dubi tsintsiyar hannunsa, sai ya tuna ya cire nasa kafin a tafi maƙabarta.

"Auta," in ji shi. "Ƙarfe nawa?"

Agogon hannunta lokaci biyu gare shi, na jirage da na gida. Ta goge ido ta duba na gida.

"Goma saura minti biyar."

"Tabbas?"

"Tabbas, Baba."

Ya juya dogon hannun da yatsa har ya kai wurin, ya rufe gilashin, ya miƙo mata ta riƙe masa yayin da yake neman ƙusar a jikin bango.